Idon Hagun Jar Mota

Rana na shirin faɗuwa Baba Isufu ya aike ni sayen ƙwan fitila.

Aike ne irin na kullum. A garejinsa da ke bakin gudro, wato titin kwalta, dab da tashar Gure, ni ne mai aikin wuta: waya, batir, kilakson, fitilu. Ban yi nisa a makarantar lakwal ba, na baro ta tun ban iya haɗa wasiƙa ba. Amma hannuna ya san hanyar waya a cikin mota kamar yadda makaho ya san hanyar masallacin unguwarsu.

Motar da ta jawo aiken ta shigo ne bayan la'asar. Ja wur, ƙofa biyu, cikinta na neman shafar ƙasa kamar na damo. Kukan injinta kaɗai ya sa masu shan shayi a gindin itacen bedi suka miƙe tsaye. Mai ita ya fito da baƙin tabarau da ƙamshin turare mai tsada. Saurayi ne, ba zai girme ni da yawa ba. Hamza sunansa. An ce zinarin arewa ne ya ɗaga shi.

"Wa ke taɓa wuta a nan?"

Baba Isufu ya nuna ni da haɓa. "Ga Aisami."

"Wannan? To Allah ya sa ya fi na Damagaram. Zo ka gani, ƙane."

Irin waɗannan motoci suna da wasu ƙananan fitilu a gaba, a ƙarƙashin manyan, masu ci da rana. Da ka tada inji sai su kama, ko da rana tsaka ce, wai don a hango mota tun daga nesa. Ta dama tana ci, fara tas. Ta hagu a mace take.

"An canja ƙwan a Damagaram, an canja a Diffa, har Kano na kai ta," in ji Hamza. "Ba ya kwana. Kuma abin haushi, wuri ɗaya yake mutuwa. Akwai wani gawo a hanyar Damagaram, da na gifta shi sai ɗif. Daga nan motar ta kama yi mini tsiwa a kunne, tin, tin, tin, har in iso inda za ni."

Na tsugunna gaban fitilar. Murfin gilashinta ya ɓantare a kusurwa, an liƙe wurin da farin sikoc. Ɓantarar ta yi kama da jinjirin wata.

Na san wannan jinjirin watan. Yana cikin aljihuna, a ƙulle a bakin ɗankwalin Ya Kellu.

Ya Kellu yayata ce, ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu. Tana da lambu a kwarin da ke bayan wannan gawon, tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa ke kusa har dabino ke tsayawa da ƙafarsa a ciki. Kullum da rana tsaka takan ɗoro babban faranti a ka, tumatir da salati da albasa, ta tsallaka gudro ta jira motar kasuwa.

Duk ɗan Gure ya san ladabin wurin. Gawon Sallama ake ce masa. Direba kan rage gudu, ya ɗan taɓa kilakson. Mai tafiya a ƙasa kan ce, "Salamu alaikum masu wuri, hanya muke roƙo." Domin wurin yana da masu shi, kuma nan suke bi su kai dabbobinsu ruwa lokacin da inuwar mutum ke ɓuya a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya Kellu ba ta taɓa mantawa ba. Har dabino takan zube a gindin itacen in ya nuna.

Ranar da aka zo aka kira ni, na tarar da tumatir a warwatse bisa gudro, rana ta fara dafa shi. Wani makiyayi ya ce mota ce ja, ta zo kamar an harbo ta, idanunta biyu a kunne da rana tsaka. Da ta wuce, ido ɗaya ya gani. Ba ta tsaya ba. Jandarma suka rubuta, suka tafi. Matan da suka yi mata wanka ne suka ciro gilashin daga cikin kitsonta, suka ba ni tare da ɗankwalin.

Tun daga ranar nake duban idon kowace jar mota.

"Kai, barci kake yi a nan?" in ji Hamza.

"A'a, patron. Ina duba irin ƙwan da take ci ne."

Ƙaryar ta fito sumul. Ni kaina na yi mamaki.

Baba Isufu ya ɗauki butarsa. "Maza je butik ɗin Salihu kafin ya rufe. Ni daga masallaci gida zan wuce, kai ka ƙarasa. Kuma ka tuna abin da nake gaya maka."

Na sani. Ba ya gajiya da faɗa. Ba a taɓa gilashin ƙwan fitila da tsirarar hannu. Maiƙon yatsa kan zauna a jiki, in wuta ta kama sai ya ci wurin. Gilashi ba ya manta hannu, in ji shi.

Na tafi da sauri, amma ba butik ke raina ba. Ina tunanin babban ƙarfen da muke kwance taya da shi. Ina tunanin wayar birki, da yadda take da laushi a bakin almakashi. Ina tunanin jandarma, sai na tuna agogo mai tsadar da ke hannun Hamza, na yi dariyar da ba ta da daɗi.

Salihu ya riga ya rufe. Ladan ya fara kiran magariba. Na juyo ta lungun bayan kasuwar dabbobi, inda ba kowa sai kashin raƙuma da ledojin da iska ta maƙala a ƙaya.

A nan na ji warin.

Warin rijiya ne. Laka mai sanyi, da kanwa, da ganyen tumatir da aka murza. Warin kwari a tsakiyar gari.

Kiran salla ya yi nisa, kamar an rufe shi da ƙwarya.

Wata tsohuwa na zaune a gindin katanga, ta lulluɓe da baƙin zane, ƙwarya a gabanta rufe da faifai. Doguwa ce ko a zaune. Rairayin da ke kewaye da ita sumul yake, ba sawun kowa. Ba ma nata.

"Aisami ƙanen Kellu," ta ce a hankali. "Ka samo?"

"Iya, daga ina kika san ni?"

"Daga bayan yayarka. Can na fara ganinka, kana tsotsar bakin zanenta."

Na yi niyyar karanta abin da na haddace, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

"Kada ka ji tsoro. Makoki ɗaya muke yi." Ta gyara zama, na ji ƙasusuwanta na ƙara kamar busasshen kara. "Gudron nan da kuka shimfiɗa yana ƙona ƙafar yaranmu da rana. Yayarka ta sani, ko da ba ta taɓa gani ba. In ta yi sallama sai ta ɗan dakata, sannan ta taka a hankali. Ƴata takan shiga inuwar farantinta su tsallaka tare. Ranar nan ma tare suke."

Wata akuya ta yi kuka can cikin kasuwa, ta katse.

"Ku kun binne taku. Tamu tana nan manne a idon motar. Ita ke hure fitilar duk sanda suka zo gida, don mai motar ya tsaya ta sauka. Ba ya tsayawa."

"Me ya hana ku kama shi?"

"Ƙarfe ya kewaye shi, ga laya a rataye. Ba mu da ƙofa." Ta ɗaga faifan. "Amma wuta gidanmu ce. In ka buɗe mana ita, mun shiga."

A cikin ƙwaryar akwai ƙwan fitila guda, kwance bisa rairayi. Daidai irin da nake nema.

"Wanda yatsansa ya hau gilashin nan, namu ne. Ka fi ni sanin wannan, sana'arka ce."

Na ciro ɗankwalin Ya Kellu na ɗauke shi da shi. Da ɗumi, kamar yanzu kaza ta tashi a kansa. Kuma yana motsi kaɗan-kaɗan a tafin hannuna, irin motsin abin da ke numfashi.

Da na ɗago kai, katanga ce kawai, da ƙwaryar da babu.

Na koma gareji. Masu shayi sun tafi salla. Sama ta yi ja kamar an yanka rago a bayan tuddai. Hamza na jingine da motarsa yana latsa waya.

"Sai yanzu? Na zaci Agadas ka tafi sayowa."

Na ce ya murɗa bolan, wato sitiyari, gaba ɗaya zuwa dama, tayar hagu ta ba ni wuri. Irin wannan mota ba ta saman inji ake kai wa ga fitilar ba, ta bayan taya ake bi. Na kwanta a ƙasa, na cire ƴan maɓallan da ke riƙe da baƙar robar, na buɗe ƴar ƙofar da ke jiki. Na zura hannu har kafaɗa. Ba a gani, sai lalube. Na sami gindin ƙwan, na murɗa shi hagu, ya saki.

Tsohon ƙwan ya fito baƙi ƙirin. A jikin gilashin akwai shaidar yatsu. Ƙanana. Sun fi na jariri tsawo, sun fi na mutum siranta.

Na tashi zaune. Wallahi a lokacin na ba Hamza hanya. Na ce a raina, in ya faɗi gaskiya, ko da rabinta ce, ko ya sunkuyar da kai kawai, zan jefa ƙwan tsohuwar a rijiya in bar shi da Allah.

"Patron, me ya ɓantare murfin nan?"

Bai ɗago daga wayarsa ba.

"Akuya ce na buge wajen gawon nan. Mutanenku ba sa ɗaure dabbobinsu."

"Akuya."

"Akuya mana. Yi sauri, ana jirana a wajen biki."

Na buɗe ɗankwalin. Na miƙa masa.

"Ɗan riƙe mini wannan, in share wurin zamansa."

Ya sa yatsu uku ya ɗauka ta gilashin, kamar mai ɗaukar dabino a faranti. Ya ɗan yamutsa fuska.

"Me ya sa yake da zafi?"

"Aljihuna ne."

Na karɓa da ɗankwalin, na koma ƙasa. Na zura hannu cikin duhun. Wurin matsattse ne, ga ƙarafa masu kaifi. Ina lalube, ina neman bakin ramin, sai bakin ɗankwalin ya maƙale a wani ƙarfe. Na ja. Ya zame.

Babban yatsana ya sauka a kan gilashin.

Wani sanyi ya cije ni har cikin ƙashi.

Na daɗe a kwance ina kallon cikin tayar. Zan iya fiddo shi. Zan iya cewa bai yi daidai ba. Sai na ji muryarsa a sama yana waya, yana dariya, yana cewa wani ɗan ƙauye ne ya tsare shi.

Na murɗa ƙwan dama. Ya zauna, ƙwas.

Na mai da robar, na tashi. Hamza ya tada inji. Ta dama ta kama, fara. Ta hagu ta ɗan yi jinkiri, sannan ta buɗe a hankali kamar idon mai tashi daga barci. Haskenta ba fari ba ne. Irin hasken wata ne in ka leƙa shi a cikin rijiya.

Tsiwar motar ta ɗauke.

"Ka ga aiki!" in ji Hamza. "Amma haka na Kano ma ya yi. Shiga mu yi esai, mu gwada ta a hanya. Har gawon za mu. In ya wuce da rai, ka iya, in sauke ka ka hawo kabu-kabu."

"Patron, magariba ta yi. Ban yi salla ba."

"Ka rama. Makaniken da ya yarda da aikinsa ba ya gudun esai. Ko akwai abin da ka ɓoye?"

Haka ƙa'idar sana'a take, wanda ya gyara shi ke shiga a gwada. In na ƙi, zai buɗe ya duba. Na shiga. Kujerar ta yi ƙasa ƙwarai, kamar an zaunar da ni a kabari. Layar na lilo a jikin madubi.

Muka bar gari. Gidaje suka ƙare, tuddai suka fara. Ya taka mota, bayana ya manne da kujera. Ya kunna manyan fitilu, amma hasken ƙaramar ta hagu ya rinjaye su. Ya miƙe gaba, siriri, kore-kore, yana lasar gefen hanya.

Abin da hasken dama ya nuna, hanya ce da ƙaya.

Abin da na hagu ya nuna daban ne.

Shanu. Farare, dogaye, ƙahoninsu kamar rassan itace. Suna tafiya a gefen gudro, ba ƙura, ba ƙarar kofato. A tsakaninsu mutane, lulluɓe, sun fi shanun tsawo. Duk inda hasken ya taɓa su sai su tsaya su juyo.

"Ka ga wani abu?" in ji Hamza. Ya cire tabarau.

"Hanya nake gani, patron."

Warin ya shigo, ko da yake gilasai a rufe suke. Laka da kanwa. Ganyen tumatir. A ƙarƙashinsu, humrar da Ya Kellu ke shafawa ranar Juma'a.

Igiyar layar ta tsinke. Ba wanda ya taɓa ta. Ta faɗo tsakaninmu.

Hamza ya ɗaga ƙafa daga totur. Na gani da idona. Motar ta ƙara gudu.

Ya taka birki. Birkin ya shige har ƙasa kamar an taka tuwo.

"Kai! Me ka yi wa motata?"

Ya so ya cakumo ni, hannunsa na dama ya ƙi barin bolan. Yatsu uku sun manne. Sun yi fari fat.

Nawa yatsan ma ya fara. Sanyin na hawa, yana jan hannuna gaba, wajen fitilar, kamar an ɗaura masa zare.

Daga cikin gaban motar, wajen tayar hagu, wani abu ya fara ƙwanƙwasawa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙaramin hannu, mai son a buɗe masa.

Gawon ya bayyana, tsirara, rassansa a sama kamar mai addu'a. Gindinsa cike da su. Sun yi sahu har bisa tudu. Tsohuwar na gaba, yanzu a tsaye, kanta ya kai reshen farko.

A tsakiyar gudro, cikin hasken hagu kaɗai, wata mace na tsallakawa. Faranti a kanta. Tana takawa a hankali, kamar mai jiran wani.

"Wace ce wannan?" Muryar Hamza ta koma ta yaro. "Ƙane, wace ce?"

"Akuya ce," na ce.

Ya juyo ya dube ni. Ya dubi ɗankwalin da ke hannuna. Na ga lokacin da ya gane.

Sanyin ya kai gwiwar hannuna. Numfashina na fita da hayaƙi. Su ba su san ɗan'uwa ba, yatsa suka sani, kuma nawa na kan gilashin. Na rufe ido. Ban tuna aya ba, ban tuna addu'a ba. Abin da ya zo bakina shi ne abin da na ji tun ina goye, kunnena manne da bayanta, muryarta na ratsa ƙashin bayanta tana shigowa cikina.

Na faɗa can ƙasa, leɓe kawai.

Salamu alaikum masu wuri, hanya muke roƙo.

Zaren ya saki.

Ƙofar gefena ta yi ƙara, ta buɗe da kanta. Iska ta shigo tana ihu.

"Me ka ce?" Hamza na kuka sosai yanzu. "Na ga bakinka! Me ake cewa? Don Allah, don Annabi, gaya mini!"

Kalmomi bakwai ne kacal. Da na faɗa masa kafin ƙiftawar ido.

Na dube shi. Na tuna tumatir a kan gudro.

Na rufe bakina.

Wani hannu ya kama wuyan rigata ta baya, yadda ake ɗauke yaro daga bakin murhu. Hannu mai kaushi, mai warin albasa.

"Sauka, Aisami."

Na faɗa cikin rairayi. Na yi ta mirginawa, ƙaya na yagar fuskata, bakina cike da ƙasa. Na jira ƙarar karo.

Ba ta zo ba.

Injin ya ɗauke kamar an hure a-ci-bal-bal. Sai shiru. Sai can na ji wata ƴar dariya, siririya, tana gudu tana gangarawa kwari. Sai guɗa, ba ta mutane ba, daga tudu zuwa tudu.

Ban waiwaya ba. Na rarrafa har na iya tashi, na bi gefen gudro da ƙafa ɗaya da rabi, har wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya tsince ni.

Da safe jandarma suka sami motar a gindin gawo, a ajiye tsaf, ko ƙwarzane babu. Injin a sanyaye, makulli a kashe. Idon hagu na ci. Suka cire batir, bai mutu ba. Wanda ya je da niyyar kwance ƙwan ya dawo ya ce shi yana da iyali. Motar na nan har yau, rairayi ya ci tayoyinta, jan fentin ya koɗe. Na gaya musu mun fita esai, birki ya ƙi, na yi tsalle. Suka rubuta, suka tafi.

Hamza kuwa sai da rana ta take tsaka ya fito daga kwari. Ba takalmi, ba agogo. A kansa akwai faranti. Na san farantin, da lanƙwasar da ke bakinsa, na Ya Kellu ne. Ya tsaya a bakin gudro ya ɗan dakata, sannan ya taka a hankali, yana duban ƙasa gefen ƙafarsa. Ya kai can, ya dawo. Ya sake ɗaukar wasu yaran masu wurin a inuwar farantin. Haka har inuwa ta karkata.

Danginsa sun zo da manyan motoci. Sun kai shi likita a Damagaram, sun kai shi wajen malamai, sun ɗaure shi da sarƙa a ɗaki. Rana na kaiwa tsaka sai a ga sarƙa a ƙasa. Yanzu sun gaji, sun bar wa mai shayin tasha abin da zai riƙa kai masa abinci. Tafin ƙafarsa ya zama kamar busasshiyar fata. Direbobi kuwa, har baƙi, ba wanda ke wuce gawon nan bai rage gudu ba.

Ni na bar gareji. Duk ƙwan da na taɓa, ko da tsumma ne, mutuwa yake. Baba Isufu ya dubi babban yatsana, fari, sumul, babu zanen da Allah ke yi wa kowane yatsa. Ya ce, "Na gaya maka gilashi ba ya mantuwa," ya juya yana share ido da hannun riga.

Na koma lambun Ya Kellu. Na yashe rijiyar, na dasa tumatir. Kwarin na karɓata. Wani lokaci in ina ban ruwa nakan ji humra ta gifta, sai in ce, "Sannu da zuwa, Yaya," in ci gaba da aikina.

Kullum da rana tsaka nakan ɗauko kayana in hau gudro. Nakan yi wa masu wuri sallama a cikin zuciya, leɓena a rufe. Shi kuma yana nan da farantinsa. Ba ya gane kowa, ba ya jin kowa. Mutane sun sha tsayawa su faɗa masa kalmomin, da Hausa, da Barbarci, har a kunne an yi masa ihu. Kamar ana zuba ruwa a rairayi. Ni kaɗai yake gani. In na zo gifta shi sai ya tsaya, leɓensa a tsattsage, ya ce a hankali:

"Ƙane, me ake cewa?"

Sanyin da ya saki hannuna a daren nan bai tafi duka ba. Ya koma cikin yatsan ya kwanta. Duk ranar da na wuce Hamza ban amsa ba, yakan ɗan matsa gaba, kamar faɗin ƙwayar gero. Ya cinye tafin hannun. Bana ya kai wuyan hannu, har ba na jin igiyar guga in tana zamewa.

Na san abin da zai tsai da shi. Na san kuma Ya Kellu, da ita ce, da tuni ta faɗa masa, ta haɗa masa da dabino.

Amma ni ba ita ba ne. Ita ce mai kirkin gidanmu, kuma ya kira ta akuya.

Jiya ma ya tambaye ni. Na gyara kayana a ka da hannun da ya rage, na dubi idon motar yana ci a gindin gawo da rana tsaka, na tsallaka.